Ranar da Na Zaci An Ɗauke Wuta a Brooklyn

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, kuma ko na so mantawa Hajiya Rabi ba za ta bar ni ba. Har yau in na biya ta shagonta da ke kusa da 125th Street, kafin in gama sallama za ta ɗago kai daga yadikan da take ninkewa ta ce, "Bakanuwa, an maido wuta?" Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni kuma in ce Allah ya shirye ki, in ja kujera in zauna.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ni 'yar Kano ce, a Mount Hope muke zaune cikin Bronx a birnin New York, ni da maigidana da yaranmu uku. Shi yana tuƙin tasi, ni ina taimaka wa nas-nas a wani asibiti. Babbar 'yata a nan aka haife ta, kuma ita ce ta fari, to kun dai san yadda abin yake: ba na kiran sunanta. Haka na tashi na ga ana yi. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba, alhali in ya yi zazzaɓi ita ce ba ta cin abinci. Don haka ni ma "ke" nake ce wa tawa, in kuma zancenta nake yi da wani sai in ce "yarinyar nan". Ranar farko da na je ɗaukarta a makaranta, malamarsu ta tambaye ni sunan yarinyar da na zo ɗauka, na tsaya ina lalube a jaka ina neman takardar da zan nuna mata. Baiwar Allah ta zaci ba na jin Turanci, har ta tafi neman mai fassara.

Tana 'yar shekara goma ta taɓa tambayata. Ina tsaye ina wanke-wanke, ta zo ta jingina da firij ta ce, da Turanci (Hausa tana ji sarai, amsawa ce sai ta ga dama), me ya sa nake kiran sunan ƙannenta, ita ba na kiran nata. Na ce, "Haka ake yi." Ta ɗan tsaya, ta juya ta tafi. Ni kuma na ci gaba da wanke tukunyata, a ganina na ba da amsa.

Gitar kuwa babansu ne ya jawo mana. Ya ga wata tsohuwar gita a shagon kayan gwanjo ya sayo wa yarinyar nan tana shekara sha huɗu, wai ta samu abin yi lokacin hutu. Hutu ya ƙare, gita ba ta ƙare ba. Ta haɗa kai da Marisol, 'yar mutanen Dominika da ke saman benenmu, mai ganguna, da wata doguwar yarinya Dani mai gita mai kaurin murya, wadda a shekara tara ban ji ta yi magana sau biyar ba. Mai kula da gininmu ya ba su izinin yin atisaye ranar Lahadi a ɗakin ƙasa, inda injinan wanki suke. Daga nan suka samo sunan ƙungiyarsu, wanda in an fassara shi yake nufin Wankin Lahadi.

Irin kiɗan nasu wai shi pop punk. In ba ku taɓa ji ba, ga yadda na same shi ranar da na sauka da kwandon wanki. Marisol za ta buga sanduna sau huɗu tana ihu, sai duk su ukun su faɗa a guje kamar sun bar tukunya a kan wuta. Kafin ka gane inda aka dosa an gama. Waƙa ba ta kai minti biyu ba, yatsun yarinyar nan wuri uku kawai suke zuwa a jikin gitar, su je su dawo, su je su dawo. Abin da ake rerawa kuma: malamin lissafi mugu ne, jirgin ƙasa ya makara, wani yaro bai amsa saƙo ba. Injin wanki uku na aiki a lokacin, wallahi ko ɗaya ba a ji.

Suka gama, tana haki, fuskarta sai sheƙi, ta ce, "Mama, yaya?"

Na ce, "Hayaniya."

Kalma ɗaya na faɗa, na zuba sabuluna na hau sama. Ba da mugunta na faɗa ba, Allah ya sani, gaskiyar abin da kunnena ya ji ke nan. Amma tun daga ranar ba ta ƙara cewa in zo in ji ba, har tsawon shekara tara.

A cikin shekarun nan ta gama jami'a, ta samu aiki a ɗakin karatu na unguwa, ƙungiyar kuma ba ta watse ba. Sun bar ɗakin wanki sun koma haya wani wuri. Babansu yakan saka waƙoƙinsu a tasi, har yana nuna wa fasinjoji hotonta (shi bai san kunyar ɗan fari ba, ko ya sani ya bar ta a filin jirgi). Yakan ce min, "Kin san yaran nan sun iya fa yanzu? Ba irin na da ba ne." Ni kuma in ce hayaniya dai ta girma ta zama babbar hayaniya.

Ba wai ba na jin zancensu ba ne in suna hira a kan abinci. Ina ji, ina dai nuna kamar hankalina na kan miya. Ta haka na san cewa asalin kiɗan na samarin Turawa ne 'yan bayan gari, masu fushi da unguwanninsu don sun yi shiru da yawa. Na san an sha cewa ya mutu. Waɗancan samarin yanzu sun yi furfura da teɓa, suna zagayawa suna maimaita tsofaffin waƙoƙinsu ga mutanen da ke kewar ƙuruciya. Sababbin da suka ɗauka kuwa, in ji yarinyar nan, da yawansu mata ne, 'ya'yan masu tasi da masu shago da masu goge-goge. Na kuma san abin da ke damunta a 'yan watannin nan: sun yi sabon faifai, sun rage gudu, waƙoƙin sun yi tsawo, kuma wasu daga cikin masoyansu na farko sun fara gunaguni a intanet wai sun yi laushi, sun bar hanya.

"To ku koma gudun mana," in ji babanta.

Ta ce, "Baba, shekarata ashirin da uku. Ba zan iya ci gaba da fushi da malamin lissafi ba."

Akwai ma ranar da ta same ni ina dakan yaji a ɗan turmina (a kan bargo biyu nake ɗora shi saboda maƙwabciyarmu ta ƙasa), ta ajiye wayarta kusa da ni ta ce in ci gaba. Ta tambaye ni yadda ake lugude, yadda mata uku ke daka a turmi ɗaya taɓarya ba ta karo da taɓarya. Na nuna mata da tafi. Na zaci wani aikin ɗakin karatu ne.

Sai ga wata Laraba na dawo daga dutin safe, na tarar da takarda a ƙarƙashin fulas ɗin shayina. Ita kuma tana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannu a aljihu.

Ta ce, "Mama, ranar Lahadi ne. Da rana, ƙarfe uku, a Brooklyn. Ki zo." Da Hausa ta faɗa, tana ɗora kalmomin ɗaya bayan ɗaya a hankali. "Akwai waƙa ɗaya da nake so ki ji."

Na san abin da ta haɗiye kafin ta iya faɗin haka. Na ce, "Allah ya kai mu." Babanta ya ce shi yana da fasinjan filin jirgi a ranar (ƙarya ce, daga baya na gane so ya yi ya bar mu mu biyu). Abin da ya ce min kawai shi ne, "Ki je ki saurara, shi ke nan abin da take so."

To ni a sanina, in an ba ka takardar gayyata, biki ne. Na fito da leshina ruwan goro wanda na ɗinka don auren ƙanwar maigida, na kafa gwaggwaro, na yafa mayafi, na sha turare. Na soya fanke cike da kula, don ba a zuwa wa yaro taro hannu biyu. Na kira Hajiya Rabi, ƙawata 'yar Maraɗi, ta ce da ɗan Faransancinsu, "Bon, mu tahi mu ga ɗiyarmu." Sannan na yi abin da ya sa nake ba ku wannan labarin. Na tuna ɗakin wanki, na tuna yadda kunnena ya kwana biyu yana ƙara. Na yago auduga, na ɗebi man shafawa a 'yar roba, na jefa a jaka. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, na san in ka mulmula auduga da mai ka cusa, ko jiniya sai ta yi da gaske.

(Kar ku tambaye ni yadda na yi niyyar jin waƙa ɗayar nan. A raina na ce in an zo kanta zan cire. Yadda zan san an zo kanta kuwa, ban kai ga wannan tunanin ba.)

Wurin wani ɗaki ne a bayan wani shago, ba taga ko ɗaya. A bakin ƙofa wani Bature ne dattijo mai farin gemu, hannuwansa duk zane, yana buga wa mutane hatimi a bayan hannu. Hajiya Rabi ta tsaya sai da ya rantse mata zai wanku kafin La'asar. Da ya dube ni ya dubi gwaggwaron, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ni ce mahaifiyar mai gita, ko? Ya ce mijina kusan kowane wasa yana zuwa, yana tsayawa can baya kusa da ƙofa (ku ji fa, ni ana ce min an tafi ɗaukar fasinja). Ya ce shi tun yana saurayi yake tsaron ƙofofi irin wannan, sau uku yana jin an yi wa kiɗan nan jana'iza, sau uku yana ganin yara sun tono shi. Ya ce da farko su yarinyar nan gudu kawai suka iya, kamar kowa. Yanzu sun iya tsayawa, kuma tsayawar ta fi wuya.

Sannan ya miƙo min wata kwalba cike da 'yan ƙananan abin toshe kunne masu ruwan ɗorawa, ya ce kyauta ne, kusan kowa yana sakawa don rage ƙara.

Na ɗaga kai na ce masa, da Turancina na asibiti, "A'a, na gode. Ni 'yata na zo ji."

Daga nan na wuce banɗaki kai tsaye, na mulmula audugata da mai, na cusa hagu na cusa dama, na sauko da ɗaurin ɗankwali ya rufe kunnuwan, na ɗora mayafi a kai. Na fito duniya ta yi tsit, sai bugun zuciyata.

Ɗakin ya cika, mutum ya fi ɗari. Na yi zaton zan ga 'yan iska, sai na ga yara irin na unguwarmu: baƙaƙe, farare, 'yan Indiya, wasu 'yan mata biyu da hijabi da manyan takalma, wani mutum mai sanƙo ya ɗora 'yarsa a wuya. Aka buɗa mana hanya har kusa da gaba, ina jin saboda gwaggwaron. Na ajiye kular fanke a gabana.

Suka fito. Marisol ta buga sandunanta sau huɗu, na gani ban ji ba. Abin da ya iso gare ni wani dum-dum ne daga nesa, kamar ana daka a gidan maƙwabta, sai kuma rawar da ƙasa take yi a tafin ƙafata. Na ce madalla da ni, na yi dabara. Na tsaya ina murmushi ina gyaɗa kai, Hajiya Rabi kuwa ta toshe kunne da yatsu tana hararata, tana mamakin ƙarfin halina.

Amma ko da ido kaɗai na ga abin ya canja. Yarinyar nan ba ta kallon yatsunta yanzu, kuma yatsun suna yawo ko'ina a jikin gitar. Marisol ba ta dukan gangunan kamar ta kama ɓarawo. Sukan kalli juna su tsaya cak a tare, sannan su sake faɗawa. Yaran da ke gabansu suna tsalle suna bangazar juna, in ɗaya ya faɗi sai hannu biyar su ɗago shi. Kuma bakinsu duka yana motsi tare da nata. Sun haddace kalmomin 'yata. Na yi sauri na gyara mayafi don kar Hajiya ta ga fuskata. Uwa ba ta nuna alfahari da ɗan fari a gaban mutane.

An yi waƙoƙi wajen guda bakwai, sai abin ya faru. Ku bi ni a hankali, don ina so ku yi min adalci.

Fitilu suka mutu ɗif. Dum-dum ɗin nan ya tsaya, ƙasa ta daina rawa. Marisol ta ajiye sandunanta. Dani ta jingine gitarta ta zauna a ƙasa. Mutane suka fara zaro wayoyi suna kunna tocila, ɗaya bayan ɗaya. Na duba hagu na duba dama, na ga kowa yana taɓa kunnensa, kamar mai cewa ba ya ji. A cikin ɗan hasken tocilar na hango yarinyar nan ita kaɗai a tsaye, ta rungume gita, bakinta yana motsi, hannunta yana motsi, ba abin da ke fita. Idonta kuma a kaina yake, yana ƙyalli kamar na mai shirin kuka.

Ku faɗa min tsakani da Allah, wanda ya girma a Kano, me zai ce ya faru?

An ɗauke wuta. A ranar da ta fi kowace muhimmanci a wurinta, a gaban mutanen da dama suna jiran su ce ta gaza, an ɗauke mata wuta, ga ta nan tana ta ƙoƙari ita kaɗai tana kallona in cece ta. Shekara ashirin da biyar ina ƙasar nan, amma a wannan daƙiƙar ko kaɗan ban tuna a wace ƙasa nake ba. Abin da na tuna shi ne bikin yayata, da wuta ta tafi ana tsakiyar kamu, yadda gwaggona ta kifa roba ta hau kiɗa, mata suka ɗauki tafi, biki bai mutu ba. Haka ake yi. Ba a barin yaro ya ji kunya a tsakiyar fili.

Na durƙusa da leshina, na jawo kular fanke, na hau dukan murfin da tafin hannu biyu. Hajiya Rabi ta fara jan mayafina, na ɗauka ƙarfafa min gwiwa take yi, na ƙara ƙaimi. Na miƙe, na kama hanci, na rangaɗa guɗa, irin doguwar nan mai hawa uku wadda a danginmu ni ake kira in yi. Da yake ni kaina da kyar nake jin muryata, sai na ƙara mata ƙarfi. Na ga yarinyar nan ta daina motsa baki, hannunta ya tsaya a kan gita. Na ce shi ke nan ta karaya. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na ƙwala da iyakar ƙarfina ba:

"Bilkisu! Kar ki tsaya, Bilkisu, ci gaba! Ina nan!"

A nan Hajiya Rabi ta gaji. Ta kama gefen ɗankwalina ta ɗaga don ta yi min magana a kunne, ta ga abin da ke ciki, ta sa yatsu biyu ta zaro.

Duniya ta dawo ta kunnen hagu. Na ji ƙaramin gurnanin lasifika, lafiyarta ƙalau. Na ji sautin gita na ƙarshe yana narkewa. Ban da wannan ba abin da na ji, don mutum sama da ɗari sun yi shiru, kuma duk tocilan nan sun juyo kaina.

"Wuta na nan lahiya lau, Bakanuwa," in ji Hajiya Rabi, cikin abin da ita take ganin raɗa ce. "Waƙarki ɗiyar ke yi."

Ashe da gangan aka kashe fitilun. Ashe taɓa kunnen da na ga ana yi, ita ce ta roƙi kowa ya cire abin toshe kunnensa, don wannan waƙar a hankali ake yin ta, kuma ta mahaifiyarta ce, wadda ta zo yau karo na farko. Kowa a ɗakin ya cire, sai mahaifiyar. Ga Hajiya Rabi kuma ta ɗaga audugar sama tana jujjuya ta a cikin haske, tana sheƙi da mai, kamar ta ciro wani abu daga miya.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Guɗar ba ta dame ni ba, dukan kular ma da sauƙi. Abin da ya kashe min jiki shi ne na ga idon Bilkisu ya sauka a kan audugar nan, ya tsaya. Shekara tara ta yi kafin ta sake cewa in zo in ji, ni kuma na zo da kunne a toshe. Ba wanda ya san wannan a ɗakin sai ni da ita.

Bilkisu ta ɗauke idonta daga kan audugar. Sannan ta matso kusa da makirufo ta ce da Turanci, "Mamata ke nan." Aka ɗan yi dariya, mai taushi, wasu suka tafa. Ta goge hanci da bayan hannu. Ta ce, "Ba za ku gane ba, amma yanzun nan ta kira sunana." Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe.

Sai a lokacin na san na kira. Sau biyu ma.

Ta dube ni ta koma Hausa, ta makirufo, kowa yana ji ba ya fahimta: "Mama, kin cire duka biyun?"

Ban cire ba. A gaban jama'a na ɗaga ɗaya gefen gwaggwaron, na zaro ta daman, na rasa inda zan sa ta, na damƙe a hannu.

Ta ce, "To. Daga farko."

Marisol ta sa tafin hannu a kan ganga ɗaya, ta fara bugawa a hankali. Bugu uku ne ke bin juna, ba ya karo da ɗan'uwansa. Lugude ne. Luguden da na nuna mata da tafi a kicin. Gita ta shigo a kai, siririya, sannan muryarta, wadda ban taɓa sanin tana da irinta ba, don iyakar sanina da ita ihu ne.

Da Turanci ta yi, amma na ji kowace kalma. Labarin yarinya ce da take kwance a ɗaki tana sauraron yadda uwarta za ta kira ta. Ta san "ke" na abinci ya nuna, ta san "ke" na faɗa, ta san wani "ke" ƙarami da ake yi da hannu a goshi in tana zazzaɓi. Ta ce da tana ƙarama ta zaci an manta sunan ne. Da ta girma ta gane an adana shi ne, kamar farantan nan masu bakin zinare da ke cikin kabad ɗinmu, waɗanda ba a cin abinci a ciki don sun fi sauran daraja. Ta ce ta gane, ba ta fushi. Tana dai so, ko sau ɗaya, a zuba mata abinci a ciki.

Can wajen ƙarshe Dani ta miƙe, Marisol ta ɗauki sanduna, fitilu suka dawo, suka faɗa da duk ƙarar nan tasu ta da. Wannan karon ban ji hayaniya ba, don na san abin da ake wa ihun. Na tsaya da auduga a hannu ina kuka shaɓe-shaɓe a gaban Turawa, kwalli har haɓa. Hajiya Rabi ma kuka take, tana cewa hayaƙin wurin ne.

Bayan an tashi fanke bai yi minti goma ba. Dattijon bakin ƙofa ya ci huɗu, ya ce a duk shekarunsa bai taɓa jin ihu mai kyan nawa ba, ko zan shiga ƙungiyar. Wani saurayi mai koren gashi ya ce wa Bilkisu shi yana cikin masu cewa sun yi laushi, ya janye. Muka yi La'asar a wani lungu bayan dandamali, hatimin ma ya wanku.

A jirgin ƙasa Hajiya Rabi ta sauka a Harlem ta bar mu. Bilkisu ta sa gitar tsakanin ƙafafunta.

Can ta ce, "Auduga, Mama. Har da mai."

Na ce, "Na yi laifi. Ki yafe min." Ban taɓa ce wa ɗana haka ba, sai da na ji kamar bakin ba nawa ba.

Ta ce, "Ya yi min ciwo fa."

"Na sani."

Ta jingina kanta a kafaɗata, ta murƙushe min mayafi. Ta ce, "Ki sake faɗa." Na buɗe baki, wallahi harshen ya ƙi. Abin da aka yi shekara ashirin da uku ana riƙewa ba ya sakuwa don an hau jirgi. Na ce mutane na kallo. Ta yi 'yar dariya ta ce a Brooklyn ba mutane ne ke kallo ba? Amma ba ta matsa ba.

Sai Lahadin da ta zagayo. Na dama koko na soya ƙosai, na buɗe kabad na sauko da faranti ɗaya mai bakin zinare, na wanke ƙurar shekaru. Na tsaya a bakin kicin na yi ta maza.

"Bilkisu, ga abinci."

Shiru. Na ƙara ɗaga murya, "Bilkisu." Shiru. Na ce yau ga ikon Allah, ko ita ma audugar ta saka? Na taka har ƙofar ɗakinta na tura. Tana zaune a bakin gado, ido biyu, ta rufe baki da hannu. Tun kiran farko ta ji. So take in ƙara.

Har yanzu a gaban mutanen gida "yarinyar nan" nake cewa, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma bidiyon guɗar tawa ya riga ya zaga duk wayoyin matan Bronx, wasu har Kano. Abin da na koya dai biyu ne. In fitila ta mutu a New York, ki tambayi na kusa da ke kafin ki kama hanci. In kuma ɗanki ya ce zo ki ji, to ki cire audugar tun daga gida, duka biyun.